Jirgin Ƙasan Alƙalin Alƙaluma

Garin da Allah ya so da alheri shi yake ba mutum irin Alƙalin Alƙaluma. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya isa ya raɗa masa ba. A bayan idonsa kuwa Gagara-Burgewa ake ce masa. Sana'arsa sayar da tabarau, kuma biyu yake sakawa, ɗaya a ido, ɗaya a goshi yana zaman jiran ko-ta-kwana. A shagonsa akwai littattafai jere har rufi, kowanne cikin ledarsa, fes kamar yau aka sayo. Mahassada na cewa ba a taɓa buɗe su ba. Mu da muka san darajar ilimi mun san tsabta ce.

Ba abin da zai fito ya tsira daga hukuncinsa. Littafi in ya yi kauri, marubucin bai san darajar lokacin manya ba. Gajeren labari kuwa rowa ce. Fim kuma, "Hoto dai ya fita, amma ina falsafa?" Mutum zai shigo a gyara masa ƙafar tabarau, ya fita da ciwon kai da jerin marubutan da ya kamata su koma noma.

Sai dai kowane gwani da sirrinsa. Sirrin Alƙali matarsa ce, malamar makaranta, wadda ba ta iya ganin rubutu ta wuce. Kullum da safe, yana kurɓar shayi ido a lumshe, ita ke ba shi labarin abin da ta karanta. In fim suka zauna kallo, kafin sunayen 'yan wasa su gama wucewa ya fara nazari mai zurfi, har da minshari. Ita za ta kalla, ta ba shi labari, shi ya fita ya yanke hukunci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bai taɓa ganin aibin wannan tsari ba, don a ganinsa babban alƙali ba ya zuwa inda aka yi faɗa, shaida ake kawo masa.

Ana nan sai gidan rediyo ya ce yana neman mai sharhin littattafai da finafinai na dindindin. Za a gwada Alƙali kai tsaye, a zaunar da shi da wata marubuciya kan sabon littafinta. In ya yi kyau, kujera tasa ce. Wannan kujera ita ce burin ransa, har mafarkinta yake yi. Tun kafin ranar ya sa aka ƙara a allon shagonsa: "Wanda kuke ji a rediyo."

Ana jibi gwajin ya tara abokansa a falo su taya shi murna. Malama ta shigo da shayi, ta ji littafin ake magana, ta ce ita kam ƙarshensa ya sa ta kuka. Alƙali ya sauko da tabaran goshi ya ɗora kan na ido.

"Ku yi mata uzuri," in ji shi. "Su mata da hawaye suke karatu, mu da ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru ina ƙoƙarin koya mata fahimtar littafi, amma ina!"

Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi ta kwashe kofuna. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, amma Alƙali murmushin kawai ya gani, ya kuwa yaba da tarbiyyarta.

Washegari ta ba shi labarin littafin kamar kullum, har ta fi kullum zaƙewa. Farkonsa gaskiya ta faɗa: wata ma'aikaciyar jinya ce ke neman ƙanenta da ya ɓata. Daga nan ta ɗauko wani aku mai tona asiri daga gajeren labarin da ta karanta a mujalla, ta saka shi a tsakiya. Ta rufe da wani fim da suka kalla tare, wato wanda ta kalla yana nazari, inda ake dambe a kan rufin jirgin ƙasa. Alƙali ya gyaɗa kai. "Haka na yi zato," in ji shi.

Ranar gwaji ya isa da sabon ɗinki. Mai gabatarwa ya ba shi dama, ya gyara murya har sau biyu.

"Na karanta wannan littafi da idon basira. Farkonsa lami ne. Akun nan kuwa ya cika surutu, ya kamata a rage masa baki. Amma dambe a kan rufin jirgin ƙasa, nan kam na sara miki, 'yata. Nan alƙalaminki ya balaga."

Marubuciya ta dubi mai gabatarwa, ta dubi littafin da ke hannunta, har ta juya bangonsa.

"Ranka ya daɗe, ai babu jirgin ƙasa a littafina. Aku ma babu."

Da wani ne, nan zai sha jinin jikinsa. Amma ba a zama Gagara-Burgewa da tsoro.

"Kun ji matsalar marubutanmu ke nan, masu sauraro! Su rubuta abu, su kasa zama su karanta!"

Sai aka buɗe layin waya. Wani direba ya ce damben nan ya san shi, a fim ne, kuma wanda ya yi shi ƙato ne mai gashin baki. Wata tela ta ce akun nata ne, ita ta rubuta labarin a mujalla, tana godiya da aka tuna da shi ko da a gidan wani. Wani kuma ya kira don ya tambaya ko tabaran da ya saya a shagon Alƙali irin wanda Alƙalin ya karanta littafin da shi ne, don in haka ne zai mayar. Mai gabatarwa ya saka kiɗa da sauri. A bakin ƙofa aka ce masa, "Za mu neme ka," da irin muryar da ba a nema.

Ya biyo ta bayan layi don kada ya wuce gaban allon shagonsa. A hanya ya tsara faɗan da zai yi, har da gabatarwa da jigo da kammalawa. Ya tarar da Malama a falo tana duba aikin ɗalibai, rediyo a gefenta. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Ya buɗe baki, faɗan ya ƙi fitowa, don duk inda ya kama zancen, asirin kansa zai fara tonawa. Ya zauna. Ga kuma wani abu da ke cin sa tun a hanya, wanda bai taɓa damun sa ba tun da ya fara alƙalanci.

"Wai ni kam," ya ce a hankali, "ma'aikaciyar jinyar nan, ta ga ƙanen nata kuwa?"

Malama ta jawo littafin daga ƙarƙashin takardunta ta ajiye masa a cinya.

"Ga shi nan, Maigida, ka kuwa fi kowa tabarau. Sai dai ka yi haƙuri da shafukan ƙarshe, sun ɗan jiƙe. Ka san mu da hawaye muke karatu."