Yadda Nomau Ya Koya wa Akawal Shiga Ruwa

Wani mutum ne a Tungar Barau ana ce masa Nomau, amma shi ya raɗa wa kansa Sarkin Linzami. In ya zauna a teburin mai shayi, ba mai samun sararin ko da tari.

"Ni fa doki bai taɓa haɗa ido da ni bai sunkuyar da kai ba," in ji shi. "Akwai wani ingarma can arewa, ya ciji rabin gari, ya harbi ladan. Kunnensa kawai na kama na raɗa masa magana. Ran da zan taho, har bakin hanya ya rako ni yana hawaye."

Sai a ce, "Ranka ya daɗe, Sarki!" Amma fa ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa cikin likkafa. In an tambaya, sai ya ce dawakin garin nan ba su kai ya ɓata wandonsa ba.

Ana nan sai Alhaji Cindo ya sayo wani akawal, baƙi wuluk, don tseren dogon zango da ake yi bayan kaka, gudun wuni guda cur. Dokin akwai numfashi, ya wuni yana gudu ko gumi bai yi ba. Sai dai ga cizo, ga harbi, ga kuma babban aibi: tsoron ruwa. Ko fitsarinsa ya gani kwance a ƙasa, sai ya daka tsalle ya koma baya yana huci. Hanyar tseren kuwa ta ratsa rafi har uku. Sallau, mahayin Alhaji, ya gwada lallashi, ya gwada bulala, ya rufe masa ido da rawani, duk a banza.

Rannan sai ga Alhaji a teburin shayi. "Sarkin Linzami, yau ranarka ce. Kai za ka koya wa akawal ɗina shiga ruwa."

Shayi ya sarƙe Nomau. "Ai, Alhaji, bayan nan nawa ne ke ciwo kwana biyu..."

"Kai da ingarma ya raka da hawaye?" in ji mai shayi.

Kowa ya zuba masa ido. Nomau ya ga in ya noƙe, sunan nan ya tafi ke nan har abada. Sai ya ce: "A kawo shi. Amma aikina na sirri ne, kada kowa ya biyo ni."

Da safe ya cika aljihunsa da kanwa, don ya ji an ce doki na sonta, ko Allah zai sa su rabu lafiya. Ya kama can ƙarshen igiya, yana tafe yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Suna isa bakin rafi, doki ya shinshino kanwa. Ya miƙe kunnuwa, ya yage leɓe, haƙora zako-zako. Nomau ya saki igiya ya ranta a na kare.

Gaba ruwa, baya haƙora. Tsundum! Shi kuwa akawal, hankalinsa na kan aljihu, bai san sa'ad da ya faɗa ba. Facal, facal, facal, sai ga su a ƙetare. Nan ya danne Nomau, ya cinye kanwar har da aljihun.

Suka dawo gari jiƙe sharkaf.

"Ya ƙetare?" in ji Alhaji.

"Ya ƙetare mana! Cinya na matse shi da ita, na raɗa masa magana, sai ya bi ruwa kamar agwagwa."

"Aljihunka fa?"

"Ƙaya ce."

Kullum haka. Doki na ƙiba, Nomau na ramewa, rigunansa duk ba mai aljihu. A wurin shayi kuwa labari sai ƙara tsawo yake, har an kai inda suka tsallake kada yana hamma.

Ranar tsere gari ya taru a bakin rafin farko. Can sai ga ƙura, akawal ne kan gaba, Sallau a bisa. Yana ganin ruwa, ƙiii! Ya kafe. Sallau ya zungura, ya roƙa, ko gezau. Dawakin baya suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Nomau?" Alhaji ya kwarma ihu. "Zo ka hau ka ƙetarar da shi!"

Aka zaƙulo shi daga bayan Iya Tambai mai fura, wadda kullum a bakin rafin take kasa ƙwaryarta. Aka turo shi gaba cikin babbar rigar aro. Akawal na ganinsa ya yi wata haniniya, irin ta wanda ya haɗu da tsohon aboki.

"Wayyo Allah, ku riƙe shi!"

Tsundum! Nomau a gaba, riga ta buɗe kamar lema, doki a baya, Sallau ya ƙanƙame wuya yana salati. Kafin ka ce me, sun ƙetare.

"Kada ka tsaya, Sarki!" in ji Sallau. "Saura rafi biyu!"

Ina! Nomau ya riga ya ɗare kan giginya, abin da ko kakansa bai taɓa yi ba. Daga can sama, yana haki, ya ɗaga murya: "Jama'a, sabon salo ne! Yau kaɗai na gwada shi!"

Iya Tambai ta ajiye ludayi. "Yau kaɗai? Ɗan nan, ji tsoron Allah. Kullum haka kuke wuce ni. Ni na ɗauka dokin ne ke koya maka iyo."

Alhaji ya juyo. "Iya, wai ba ki taɓa ganinsa a kan dokin ba?"

"Shi a kan doki? A'a, Alhaji. Amma dokin a kansa, wannan kam kullum ina gani."