Kunnen Gwaggo

Shekarar babban fari na koma Cadakori, na gama lakol, wato makarantar boko, ina jin na zama marubuciya. Malaminmu ya taɓa ce mana: ku rubuta abin da idonku ya gani, suna kawai za ku canja. Ni kuwa ba ni da baki, amma ina da ido.

Na rubuta labarin wata Hajiya mai ɓoye gyaɗa ƙarƙashin gado, mai sosa kunnen hagu duk lokacin da za ta yi ƙarya. Na canja suna, na tabbata ba mai ganewa. A layin rijiya na daure na karanta wa mata, Gwaggona tana tsaye da tulunta.

"Kai, wannan mata ba ta da tsoron Allah!" in ji Gwaggo. "Ni ko ƙwaya ɗaya ba ni da ita."

Hannunta kuwa yana kan kunnen hagu.

Mata suka bushe da dariya. Kafin la'asar yaran unguwa sun cinye gyaɗar da ta yi wata uku tana tattali.

Har yau in na yi sallama gidanta, sai jikokinta su ce, "Kaka, rufe kunne, mai canja suna ta zo!"