Yadda Ake Burge Suruki da Ragon Gonar Turawa

Maharazu ya saya wa surukinsa ragon layya a wata gona a Kent, can bayan garin Landan, kuma har yau ragon yana nan da ransa, ya ma ƙara ƙiba. Abin da ya lalace ke nan. Sauran duk daidai ya yi, shi ya sa na ɗauko hanyarsa na kakkaɓe ta na kawo maka.

Kai da surukinka ya zo Landan ya zauna maka a flat kamar alƙali, kana gaishe shi a durƙushe yana amsawa ta hanci, buɗe kunnenka. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin ya hau jirgi sai ya san da zamanka. Ba a littafi na karanto ba. Maharazu maƙwabcina ne a Whitechapel, bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma da shi da kwali duk ɗaya.

Mataki na ɗaya: San abin da kake nema

Kada ka nemi suruki ya so ka. Ka ɗauke masa 'ya, ka kawo ta ƙasar da rana ke fitowa sai ta ga dama, sannan ya so ka? Nemi abu ƙarami wanda zai yiwu.

Maharazu direban tasi ne, yana da mata Luba, da yara biyu, Nabil da Nana Khadija. Uban Luba, Alhaji Kassim, dillalin dabbobi ne a kasuwar Wudil, ya zo a duba masa gwiwa a asibiti, ya kuma yi Babbar Sallah da su. Tunda aka ɗaura auren nan bai taɓa kiran Maharazu da sunansa ba. "Yaron nan" yake ce masa. Mutum da furfura a gemu!

Ɗaya surukin Alhaji kuwa, Shamsudeen na Abuja, duk Sallah sai ya aika da rago Wudil. Shi Alhaji yakan ce masa "Baban Katumi," har da jan sunan kamar mai tsotsar alewa. To abin da Maharazu ke nema ke nan, ba ƙari: sau ɗaya tak ya ji tsohon nan ya ce "Baban Nabil."

Mataki na biyu: Fitar da shi daga gari

Kada ka wahalar da kanka da gine-gine. Maharazu ya gwada. Ya sa shi a jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, Alhaji ya ce mutum da ransa me ya kai shi rami. Ya kai shi wajen Charing Cross ganin manyan zakunan ƙarfen nan, Alhaji ya zagaya ɗaya ya ce, "Ba ya ci, ba ya haihuwa. Me amfaninsa?"

Turawa suna da wata al'ada. In Asabar ta yi, sai su kwashi 'ya'yansu su tafi ƙauye kallon dabbobin wani. Can za ka kai shi.

Matarka za ta hana ka. Luba ma ta hana.

"Baban Nabil, Baba fa da ƙyar aka raba shi da tumaki aka sa shi a jirgi. Yanzu tumakin za ka mayar da shi?"

"Waɗannan na Turawa ne. Kuma na riga na yi booking, na kama mana wuri."

Riƙe wannan amsar. A Landan in ka ce ka yi booking, magana ta ƙare.

Mataki na uku: Shiga da kwarjini

Za ka tarar da Turawa cikin takalman roba har gwiwa da tsofaffin riguna, kamar masu yasar rijiya. Kada ka kwaikwaye su. Maharazu farar shadda ya sa, da hula ƙube, da takalmin zuwa biki. Luba ta cika kuloli da shinkafa da miya da soyayyun kaji, aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar masu cin burodi da ganye. Ƙamshi ya tashi, wani kare ya bar ubangidansa ya dawo cikinsu.

Sai dai ka shirya wa tambayoyi. Tun a ƙofa Alhaji ya ga an miƙa katin banki, an kuma miƙo wa yara ƙullin abincin dabbobi.

"Yaron nan, me aka saya?"

"Kuɗin shiga ne, Baba. Wannan kuma na ciyar da dabbobin."

"Dabbobin wa?"

"Na mai gonar."

Alhaji ya tsaya cak ya dubi mai gonar, wata Baturiya dattijuwa mai jan kumatu da hular ciyawa. "Mu biya mu shiga, mu biya mu yi mata kiwo? Wannan matar a Wudil da ta kore mu duka."

An sa su a bayan tarakta an zagaya da su, ya ce a garinsu taki ake ɗorawa a nan. An nuna masa gonar masara da aka yanka wa lunguna don mutane su shiga su ɓata don nishaɗi, ya ce shi ya taɓa ɓata a gona kyauta. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Suruki in yana kushe abu, yana kallonsa ke nan.

Mataki na huɗu: Bari ya ga ragon

Kowace irin gonar nan tana da dabba ɗaya da suke ji da ita. A wannan, rago ne, sunansa Denis. An ba rago sunan mutum, har da hotonsa a jikin kofunan shayi. Ƙato ne, ƙaho ya murɗe ya sake murɗewa, bayansa kamar katifa, yara suna layi suna shafa shi.

Alhaji ya gan shi, sai ciwon gwiwa ya tafi hutu. Ya jingine sanda, ya tattare babbar riga, ya haura shinge. Ya buɗe bakin Denis ya duba haƙora. Ya danna gadon baya da tafin hannu. Ya ɗaga wutsiya ya leƙa. Turawa suka ja 'ya'yansu baya.

"Masha Allahu," in ji Alhaji. "Yaron nan, tambaye ta nawa."

Nan aikinka ya fara.

Mataki na biyar: Kai kaɗai ne tafinta

Tura matarka da yara sayen askirim. Wannan wajibi ne. Mace ba ta iya fassarar rufin asiri, abin da aka faɗa shi take faɗa.

Maharazu ya tambayi Baturiyar. Ta dafe ƙirji ta ce Denis ba na sayarwa ba ne, da kwalbar madara ta raine shi a ɗakin girkinta, ɗan gida ne. Ya gaya wa Alhaji. Alhaji ya yi murmushin manya.

"Haka kowa ke cewa. Wanda ya ce ba zai sayar ba, so yake a taya da kyau. Ce mata ƙahon hagu a karkace yake."

Maharazu ya ce mata tsohon ya ce ragon kyakkyawa ne. Ta yi godiya.

"Ce mata ya tsufa, namansa sai an kwana ana dafawa."

Maharazu ya ce mata tsohon yana yi masa fatan tsawon rai. Har idonta ya kawo ruwa.

Alhaji ya ga ta yi laushi, sai ya yi abin da ake yi a kasuwa: ya kaɗa riga ya juya ya kama hanya a hankali, yana jira a kira shi. Ya yi nisa har wajen zomaye. Baturiya tana ɗaga masa hannu tana sai an jima. Ya dawo fuska a murtuke, bai ko dubi Maharazu ba, ya faɗa wa iska:

"Da Baban Katumi ne, da tuni igiya na hannuna."

Maganar ta shiga Maharazu har ƙashi. Ya koma wajen matar yana roƙo, gumi na zuba masa cikin sanyi. Ta ce abu ɗaya ake yi a nan: mutum yakan ɗauki nauyin dabba, duk wata a cire wani abu a katinsa na abincinta, dabbar tana nan a gona, shi kuma ya zo ya gan ta duk ranar da ya so.

Maharazu ya yi lissafi irin na maza. A bar ragon a nan. Ranar Sallah a je wajen mahauci a Whitechapel a sayo nama, a ce gwamnati ce ba ta bari a yanka a gida. Nama ba ya faɗin sunansa. Ni har gobe ban ga aibin wannan dabarar ba. Ya miƙa kati, ya juyo.

"Baba, ta sallama."

Fuskar Alhaji ta buɗe. Ya ɗora hannu a kafaɗar Maharazu, abin da bai taɓa yi ba, ya buɗe baki. "Kai, ashe dai Baban..."

Sai lasifikar gonar ta ɓarke. Baturiya ce ke sanar da jama'a da Turanci cewa Denis ya yi sabon uba. Aka ɗauki tafi. Alhaji ya ɗaga hannu yana amsawa, a zatonsa haka Turawa ke shaida ciniki. Sauran sunan ya bi iska.

Mataki na shida: Caje aljihun surukinka tun daga gida

Ga inda Maharazu ya yi sake, kuma nan kaɗai ne. Dillali ba ya rabuwa da igiya. Yadda ta wuce masu bincike a filin jirgi, Allah ne ya sani, amma tana cikin aljihun babbar riga. Kuma a ka'idarsu, ragon da aka saya ba ya kwana gidan wanda ya sayar.

"Baba, a bar shi nan sai Sallah, su suna da wuri."

"A bar shi su musanya min da ƙaninsa? Buɗe bayan mota."

Kafin Maharazu ya haɗa wata ƙaryar, Alhaji ya zarga igiya, ya zare sakatar shinge, Denis ya biyo shi kamar sun saba. Suka nufi wajen ajiye motoci. A hanya suka ci karo da Luba da yara. Nana Khadija, irin yaran nan ne da ke jin Hausa sarai amma su amsa da Turanci, ta tambayi ina za a kai Denis.

"Gida, amaryata," in ji kakanta. Ya ja yatsa a maƙogwaronsa. "Ranar Sallah ke zan fara ba hanta."

Askirim ya faɗi ƙasa. Yarinyar nan ta buɗe murya, duk Kent sai da ta ji: "Grandad's going to eat Denis!" Wato kakanta zai cinye Denis.

Wuri ya kaure. Yaran Turawa suka fashe da kuka a tare kamar an kunna su. Baturiya ta taho a guje, hular ciyawa ta yi nata wuri. Maharazu ya tsaya a tsakiya, yana ce mata wasa ne da Turanci, yana ce wa Alhaji ƙarin kuɗi take so da Hausa. Ya fizge igiyar don ya mayar da ragon, ya juya masa baya yana ja. Kada ka taɓa juya wa rago baya. Denis ya ja da baya kaɗan, ya auna farar shadda, ya aika sabon uban nasa cikin kududdufin agwagi.

Yana ciki yana tofar da ganye Luba ta karɓi aikin tafinta.

Mataki na bakwai: A hanyar dawowa, tuƙi kawai

Maharazu ya zauna a kan leda yana ɗiga. Suka hau babban titi. Sannan Alhaji ya yi gyaran murya daga kujerar gaba.

"Luba. Ragon nan ba nawa ba ne?"

"Ba naka ba ne, Baba."

"Na yaron nan ne?"

"Na matar ne."

"Wa zai ciyar da shi?"

"Shi. Duk wata."

"Ya ci naman?"

"A'a."

"Fatar fa?"

"Ko ƙaho, Baba."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "To shi mene ne a wurin ragon?"

Nabil ya amsa daga baya da Turanci. Luba ta dubi taga, ta ce a hankali, "Wai ubansa."

Tunda tsohon nan ya sauka Landan ba wanda ya ga haƙoransa. Ranar an gani har na ciki. Ya yi dariya har sai da aka tsaya a gefen hanya aka ba shi ruwa.

In ka kai nan, kada ka ce za ka yi cancel, ka daina biyan kuɗin ragon. Maharazu ya gwada, Nana Khadija ta daina yi masa magana har sai da ya rantse. Ranar Sallah ma ta ƙi taɓa naman mahauci sai da aka kira gonar ta ga Denis a waya yana tuƙa.

Kafin ka ɗauki makullin mota

Ni shawara na bayar, ban tura kowa Kent ba. In rago ya tunkuye ka, ko shaddarka ta mutu, ko Turawa suka ɗauke ka a waya, kada ka ƙwanƙwasa min ƙofa, ba na nan. Alkawarin da na yi shi ne surukinka zai san da zamanka, kuma na Maharazu ya cika.

Alhaji ya ba da labarin a ƙofar babban masallacin Whitechapel bayan Juma'a, har da kwaikwayon tunkuyin. Ranar tafiyarsa, a filin jirgi, ya kama hannun Maharazu da hannu biyu, ya dube shi ido cikin ido, ya daina ce masa yaron nan.

"To, Baban Denis, Allah ya yi albarka. A gaida babban ɗan."

Yanzu daga kasuwa har masallaci ba mai kiransa Maharazu. Jiya na ji ta bango, Luba ma ta fara.