Tizan ɗin Musye Nata'ala

Duk Zongon Lome babu wayayye kamar Musye Nata'ala, kuma shi ya fara lura da hakan. Aikinsa fitar wa fatake kaya daga tashar jirgin ruwa, amma darajarsa tana falo, cikin kabad: butar gilashi mai rariya a ciki, ɗan sikelin awon ganye, tsinken auna zafin ruwa, da kwalabe masu murfin katako. Bai taɓa dafa komai da su ba. Kaya irin waɗannan ai ba don wahala aka ƙera su ba.

In ya wuce majalisar masu shayin ataya, sai ya yamutsa fuska. "Kuna azabtar da ganye kamar ganda," in ji shi. "Mu tizan muke sha, shayin Faransawa." Su kuma suka sa masa Farfesan Ganye, ya amsa da murna.

To, bana aiki ya tsaya masa cak, har ya sayar da mota ya koma hawan zemijan, wato acaɓa, wai don shan iska. Sai ga Alhaji Buraima, babban falke daga Yamai, yana neman wanda zai riƙe masa kwantenoninsa. Nata'ala ya rantse wannan aiki ba zai wuce shi ba. Ya gayyato Alhaji gida.

Uwargida Meimuna ta ga ya ɗauko kwalba, ta ce, "Maigida, wannan fa..."

"Madam, ilimi ake yi. A ba mu wuri."

Ta ba su wuri.

Ya shinshina ganyen ya lumshe ido. "Alhaji, wannan a kan duwatsun Turai yake tsirowa. Da hanci kawai nake gane shi." Ya auna a sikeli, ya tsoma tsinke a ruwa, ya yi huɗuba kan zafi har Alhaji ya fara gyangyaɗi. Sannan ya ɗaga buta sama ya tsiyaya.

Tizan ya sauko da yauƙi, zare guda daga buta zuwa kofi, ya ƙi tsinkewa. Nata'ala ya ƙara ɗagawa, zaren ya bi shi. Ya miƙe tsaye, zaren ya bi shi. Ashe kwalaben babu komai suka zo, Meimuna ta ga zaman banza suke yi, ta zuba busasshen lalonta.

Gumi ya keto wa Farfesa, amma ya kurɓa, ya haɗiye da kyar. "Haka manya suke sonsa. Da jiki."

Alhaji Buraima ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana, ya nemi takalminsa.

"Malam Nata'ala, kwalbar falonka ba ka san abin da ke ciki ba. Kwantena kuma a rufe take zuwa."

Yana fita, Meimuna ta leƙo da malmalar tuwo a faranti.

"Maigida, in an gama ilimin, a miƙo min miyata."