Rasuwar Wayar da Bernice Ta Aiko daga Amurka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu kumburi, ni Meshak Kumai na Kagoma nake sanar da rasuwar wayar hannun da ƙanwata Bernice ta aiko daga Amurka, domin Mama ta riƙa jin muryarta. Marigayiyar ta cika ranar Talata, 8 ga Disamba, 1998, kwananta goma sha ɗaya a ƙasarmu.

Mai kunya ce ta gaske. Ba ta taɓa kiran kowa ba, ba ta kuma yarda an kira ta ba. In an danna ta sai ta ce "tit", in an takura mata ta ce "tit-tit". Nauyinta ya kai na ƙaramar doya. Ranar da na rataya ta a ƙugu na shiga coci, har masu gaishe ni da haɓa sai da suka matsa mini a benci.

Da ciwonta ta iso. Sau uku ina hawa dutse da ita, ina ɗaga ta sama kamar mai miƙa baiko a coci, shiru. Na ɗauke ta a babur zuwa Kafanchan, wurin Malam Umar Faruk mai gyaran rediyo. Ya tambaya ko an bincika za ta yi aiki a nan kafin a saya. Ba wanda ya bincika. Ya ce irinta ba ta magana sai da dogon ƙarfe mai ba ta layi, nata ƙarfen kuwa yana can Amurka. Raina ya ɓaci, na ce yunwa ce kawai ke damunta. Na jona cajarta a janareton coci, ashe wutarmu ta ninka wadda ta saba ci. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fus!"

Ta bar jakar fata, da littafin bayani, da ni da na yi wa zumuntar matan cocinmu alkawarin kowa za ta gaisa da Bernice ranar Kirsimeti.

Jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu, bayan rumbunmu. Fasto ya ce ba ruwansa, don haka maƙwabcina Celestine zai ja waƙa. Cajar kaɗai za a binne, domin Mama ta hana gawa. Kowace safiya takan kara ta a kunne, ta ba Bernice labarin doya da ciwon gwiwa. Ta ce mini, "Ko bai amsa ba, yarinyan yana ji na."

Masu zuwa ta'aziyya, in kun tarar Mama tana kan waya, don Allah ku rage murya.