Hular Mahaifin Kwamanda

Duk faɗin garinmu Jingdezhen babu masanin tangaran kamar Maigida Qiu Dezhang. Shi da bakinsa ya tabbatar mana, kuma mutum mai tumbi irin nasa ba ya ƙarya. Gaskiya ne bai taɓa riƙe burushi ba, amma ya gaji tanderu uku daga kawunsa, gadon da kowa ya san ya fi iya zane daraja. Yakan ƙwanƙwasa kwano da farce, ya lumshe ido, ya faɗi zamanin sarkin da aka gasa shi. Ya taɓa ba wani tulu shekara ɗari uku alhali tulun bai gama hucewa ba. Masu zane suka raɗa masa suna Idon Mikiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Bayan faɗuwar sarauta, Kwamanda Geng ya sauka garinmu da sojojinsa, ya ce zai naɗa wa masu zane shugaba. Idon Mikiya ya duba gabas da yamma, bai ga wanda ya cancanta ba sai mutum ɗaya. Don Kwamanda ma ya gano mutumin, ya yanke shawarar kai masa hoton marigayi mahaifinsa a kan allon tangaran, aikin hannunsa. Hannun kuwa na tsoho Lu Maosheng ne, wanda ya shekara arba'in yana zana fuskoki.

Wata guda Lu ya yi a sunkuye. Saura hula kawai, sai ga maigida.

"Malam Lu, ka yi ƙoƙari daidai ɗan saninka. Matsa. Hula sai hannun manya."

Ya zaɓi wani kasko mai fenti ruwan toka. Launin dattaku, in ji shi.

"Ranka ya daɗe, wannan kaskon fa..."

"Tsoho, ni za ka koya wa launi? Idon nan ya ga kwanukan fada!"

"To," in ji Lu. "Idonka ne."

A garinmu ko mai sayar da shayi ya san fenti maƙaryaci ne kafin ya shiga wuta. Amma babba ba ya tambaya. Qiu ya shafe hular tas da fentin, ya rubuta sunansa manya-manya, ya zana hatiminsa ja. Ya ba da umarni da an fito da allon daga tanderu a naɗe shi da alharini, domin gwani ba ya duba aikinsa sau biyu. Mai kula da tanderun ya naɗe shi da kyau ƙwarai, yana ta tari.

Ranar walima, ga manyan gari, ga masu zane, ga mahaifiyar Kwamanda a kujerar girma. Qiu ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, kowane layi a nan daga hannuna ya fito. Amma ina roƙo a dubi hular. A cikinta na zuba duk abin da na sani game da gidanku."

Ya yaye alharinin. Fuskar marigayi kamar ta yi magana. A kansa kuwa hula ce koriya shar, kamar ganyen albasa. Mu a nan, koriyar hula ta namijin da matarsa ke cin amanarsa ce.

Tsohuwa ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali.

"Lu ne!" in ji Idon Mikiya. "Wancan tsohon ne ya zana!"

"Ni, ranka ya daɗe?" in ji Lu. "Ina ni ina aikin manya? Ga suna can, ga hatimi."

Kwamanda bai hana Idon Mikiya naɗi ba. Ya sa aka ɗinka masa hula kalar aikinsa, aka tsayar da shi bakin kasuwa kwana bakwai, soja a kowane gefe. Duk gari ya zo gaisuwa. Har uwargidan Qiu ta zo, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wa ƙawarta ba ta san wanda ya auna kan ba, amma hular ta zauna daidai.