Fatar Akuyarmu Ta Tahi Ingila Karatu

Jama'a, yau da hantsi ni da gemuna anka gani ɗauke da tulu daga gulbi, matan Ƙofar Kware na ta rufe baki. Wuyan matata Mairo ya ƙage, ungozoma ta ce in ta ƙara ɗaukar ruwa da cikin nan, ba ruwanta. Famfon rijiyar unguwa kuwa, wanda Mai Girma Uban Alheran Gari ya buɗe da tambura, hannunsa ya karye tun kaka.

Na aje tulu na biya wurin Siddiƙu makanike. Na ce, "Malam Siddiƙu, ba an kawo na'urar walda da za a gyara hannun famfo ba?"

Ya nuna mini tulun ƙarfe mai iska, da wani ƙoƙon tagulla a bakinsa. Wai cikin ƙoƙon akwai fata shimfiɗe, sifirin, wato wayar ƙarfe mai nannaɗe, na danne da ita. In iska ta taho da ƙarfi, sai ta tura fatar, ƙofa ta rufe. In ta ragu, sifirin shi danna, ƙofa ta buɗe. Da haka wuta ke fita daidai, ba ta ƙone mutum. To, fatar ce ta tsage.

Na ce, "Fata? A Sakkwato? Mu da dukawa sunka cika gari?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, Mai Girma, Babban Mai Hangen Nesa, ya hana. Sai ta Ingila."

"Su ina sunka samo ta?"

"Wurinmu mana. Jar akuya ce."

Allah shi ƙara wa manya basira. Ni da jahilcina ban san akuya sai ta hau jirgin ruwa ta yi ilmi kafin ta iya tsare ƙofa ba.

Ashe ma sabuwar fatar ta iso daga Ingila shekaranjiya. Anka yi taro, anka yi jawabi, anka ɗaura ta. Siddiƙu ya murɗa, shiru. Iskar ta zurare sarai yayin jira, don makullin rufe tulun na aljihun Mai Girma, shi kuwa yana rangadi. Yanzu an aika Ikko a kawo iska.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na faɗa wa Mairo, ta juya da ƙyar ta dube ni ta ce, "To Malam, gobe ka ɗauki gammona, kanka ya fara kumbura."

Na karɓa. Wanda zai tahi gulbi da safe shi biyo mini, amma don Allah ta bayan gari.